Kutsen Halal: Bayani Ga Masu Fara Koyon Tsaron Kwamfuta a Masarautar Yauri

Gabatarwa

Kutsen halal shi ne aikin gwada ƙarfin tsaron kwamfuta, ko gidan yanar sadarwa, ko wata manhaja, ta hanyar ƙoƙarin shiga cikinta kamar yadda ɓarawo zai yi, amma da sani da kuma rubutaccen izinin mai ita, domin a gano ɓaraka a toshe ta tun kafin mugu ya riga ya gano. Masu shiga kwamfutocin jama'a ba bisa izini ba su ne aka fi sani da 'yan dandatsa. Ilmin ɓangarorin biyu ɗaya ne, kayan aikinsu ma iri ɗaya ne. Izini ne kaɗai ya raba su, kuma a kansa ne kotu take tsayawa idan magana ta kai gabanta.

Mun shirya wannan bayani ne domin matasan ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da sauran garuruwan da ke gaɓar tafkin Kainji, maza da mata, waɗanda ke sha'awar wannan fanni amma ba su san ta inda ake kama shi ba. Haka kuma muna fatan iyaye da malamai za su amfana, domin da yawa daga cikinsu da zarar sun ji kalmar kutse sai hankalinsu ya tafi ga 'yan damfara, alhali kuwa akwai wanda ke cin halaliyarsa da wannan ilmi, bankuna da hukumomin gwamnati suna biyansa albashi.

Dalilin da ya sa fannin ya shafe mu

Kamar yadda aka sani, arzikin ƙasar Yauri ya dogara ne a kan kamun kifi da noman albasa da shinkafa da kuma fatauci. A da, ɗan kasuwar da ya zo Yelwa sarin busasshen kifi ko buhunan albasa da tsabar kuɗi yake tafe. Yanzu kuwa wani kaso mai yawa na cinikin ta wayar salula da na'urar POS yake bi, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023. Kuɗin masunci ya tashi daga aljihu da asusun ƙasa ya koma cikin waya, ɓarawo kuma ya bi shi can.

Yawancin satar da ake wa jama'armu ba ta buƙatar wata gwaninta. Wani ne zai bugo waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014, ko lambar sirrin da banki ya turo ta saƙon waya. Wani kuma ya ce an sa mutum cikin taron ƙungiya, ya karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarsa, da ya karanta sai a ƙwace masa WhatsApp a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Garin da ke da matasa ko da biyu ko uku da suka fahimci yadda waɗannan dabaru ke aiki ya samu masu tsaron ƙofa. Tun zamanin da Birnin Yauri ke hedikwatar masarauta, kafin a koma Yelwa, magabatanmu sun san cewa gina ganuwa bai wadatar ba sai da masu zagaya ta suna duba inda ta tsage. Aikin mai kutsen halal ke nan a wannan zamani.

Matsayin doka

Mun sa wannan sashe gaba da batun kayan aiki da gangan, domin a nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ce babbar dokar da ta shafi wannan fanni a Nijeriya. Sashe na 6 ya yi magana a kan shiga kwamfuta ko tsarin sadarwa ba tare da izini ba, inda hukunci ke iya kai wa ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ko a haɗa duka biyun. Idan kuma an shiga ne da nufin kwashe bayanai ko sirrin kasuwanci, hukuncin na iya kai wa shekara 7 ko naira miliyan 7. Sashe na 32 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun ga mai tura saƙonnin yaudara domin ya karɓe lambobin sirrin mutane. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa ido a kan yadda ake tattarawa da sarrafa bayanan mutane, ta kuma kafa hukuma ta musamman a kan haka.

Abin lura shi ne, cewa "koyo nake yi" ko "gwadawa kawai na yi" ba hujja ba ce. Wayar ɗan'uwa, da shafin Facebook na aboki ko na budurwa, da layin intanet na maƙwabci, da gidan yanar sadarwar makarantar da mutum yake karatu, duk ba nasa ba ne. A al'adarmu ko gidan aminin mutum ne sai ya yi sallama an amsa kafin ya wuce zaure, kuma masunci baƙo ba ya jefa koma a ruwan wasu sai ya gana da Sarkin Ruwa. Ƙofa ta kasance a buɗe bai zama izini ba.

Izinin da ake nufi a wannan sana'a rubutacce ne, mai ɗauke da sa hannun wanda ke da iko a kan kayan da za a gwada. Takardar takan fayyace waɗanne kwamfutoci ne aka yarda a taɓa, daga wace rana zuwa wace rana, waɗanne hanyoyi ne aka hana bi, da kuma wanda za a kira idan wani abu ya lalace. Batun wanda ke da iko ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumba na 2019 an kama ma'aikata biyu na kamfanin tsaro na Coalfire da tsakar dare a cikin ginin kotun gundumar Dallas da ke jihar Iowa ta ƙasar Amurka. Sashen shari'a na jihar ne ya ɗauke su aikin gwada tsaron gine-ginen kotuna, takardar izini kuma tana hannunsu, amma shugaban 'yan sandan gundumar ya ce ginin mallakin gunduma ne ba na jiha ba. Suka kwana a tsare, ba a janye tuhumar ba sai a watan Janairu na 2020. Idan ƙwararru masu takarda sun ga haka, ina ga yaron da ma'aikacin wani ofis ya ce masa da fatar baki, "je ka gwada"?

Akwai kuma labarin Marcus Hutchins, wani matashi ɗan ƙasar Ingila. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, tana kulle bayanan kwamfutoci tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da ayyuka a asibitocin Birtaniya da dama. Hutchins, yana ɗan shekara 22, ya gano wani adireshin intanet a cikin manhajar, ya yi masa rajista, nan take yaɗuwarta ta tsaya. Duniya ta yaba masa. Wata uku bayan haka jami'an FBI suka kama shi a birnin Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos da ya sa hannu wajen rubutawa shekarun baya. Ya amsa laifinsa a 2019, alƙali ya yi masa sassauci bai mayar da shi kurkuku ba, amma ya shafe kusan shekara biyu shari'a na rataye a wuyansa. Abin da mutum ya aikata a intanet yana ɗan shekara 18 yakan zauna yana jiransa.

Ba sai mun yi dogon bayani a kan masu damfara ba. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, wata kotun Amurka kuma ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a 2022. Duk wanda ya ce zai koya wa yaro "aikin intanet" da sharaɗin a raba abin da aka samu, ba wannan sana'ar yake koyarwa ba.

Abin da ake fara koya

Kuskuren da muka fi gani ga masu farawa shi ne gaggawar sauke manhajojin kutse tun ba su san yadda kwamfuta ke aiki ba. Mutum zai kalli bidiyo, ya kwafi umarni ya liƙa, wasu rubuce-rubuce su yi ta gudu a fuskar kwamfuta, ya ɗauka ya iya. Da abu ya sauya ko yaya sai ya tsaya cak. Wanda bai san yadda ake sassaƙa jirgin ruwa ba ba zai gane ta inda ruwa ke shiga ba. Saboda haka watannin farko na ginin harsashi ne, kuma harsashin abu uku ne.

Na farko shi ne babbar manhajar Linux, wadda yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da gidajen yanar sadarwa, wato uwayen garke, suke aiki da ita. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ba da sanarwar aikinta a ranar 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi, don haka sa'ar jiharmu ce. Kyauta ake samunta. Abin da ake so mai koyo ya iya shi ne sarrafa ta da rubutaccen umarni ba tare da latse-latsen hotuna ba: ya shiga burgami ya fita, ya binciko kalma a cikin dubban layuka, ya san wane ne ke da ikon karanta jakar bayanai da wane ne ke da ikon sauya ta. Wannan batu na iko shi ne zuciyar tsaro baki ɗaya.

Na biyu shi ne tsarin sadarwa tsakanin kwamfutoci. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshin IP, kuma a kan kowane adireshi akwai ƙofofi masu lamba har zuwa 65,535, kamar dai ƙofofin ganuwa. Shafukan intanet na yau da kullum ta ƙofa mai lamba 80 suke bi, waɗanda aka ɓoye bayanansu kuma ta 443, mai sarrafa kwamfuta daga nesa yakan bi ta 22. Ya kamata ɗalibi ya iya bayyana da bakinsa abin da ke faruwa tun daga lokacin da ya rubuta sunan wani gidan yanar sadarwa har shafin ya buɗe: yadda ake juya sunan ya koma adireshi, yadda na'urorin biyu ke gaisawa, yadda ake yanka saƙo gunduwa-gunduwa a sake haɗa shi a can. Manhajar Wireshark, wadda aka fara fitarwa a 1998 da sunan Ethereal, tana nuna wa mutum waɗannan gunduwoyi da idonsa a kan layin kwamfutarsa. Manhajar Nmap kuwa, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, ita ke duba waɗanne ƙofofi ne a buɗe.

Na uku shi ne ɗan abin da ya samu na rubuta manhaja. Ba lallai ne mutum ya zama gwani ba, amma ya iya karanta HTML da JavaScript, ya san yaren SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ya kuma iya rubuta gajeren aiki da Python. A nan ne ake fahimtar dalilin ɓaraka. Alal misali, a ce an gina shafin duba sakamakon jarrabawa, kowane ɗalibi da lambarsa a ƙarshen adireshin shafin. Idan magini bai sa manhajar ta tabbatar cewa mai neman sakamako shi ne mai lambar ba, duk wanda ya sauya lambar zai ga na wani. Irin wannan sakaci wajen tantance iko shi ne ya zo na ɗaya a jerin manyan haɗurra 10 da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2021. Ƙungiyar, wadda aka kafa a 2001, ta daɗe tana fitar da wannan jeri, kuma ya cancanci ɗalibi ya san shi ciki da waje.

Sai kuma Turanci. Kusan duk littattafan fannin da saƙonnin da kwamfuta ke bayarwa da shi aka rubuta, rahoton aiki ma da shi ake rubutawa. Wanda Turancinsa ke da rauni kada ya karaya, amma ya ware masa lokaci kamar sauran darussa.

Inda ake gwaji ba tare da taka doka ba

Mai koyon tuƙa kwalekwale a bakin gaɓa yake farawa. A wannan fanni bakin gaɓar shi ne ɗakin gwaji da mutum zai haɗa a cikin kwamfutarsa. Manhajar VirtualBox, wadda kyauta ce, tana ba da damar a kafa wasu kwamfutoci na kwaikwayo a cikin kwamfuta ɗaya. A ɗaya sai a ɗora Kali Linux, wadda aka fitar a 2013 ɗauke da ɗaruruwan kayan gwajin tsaro. A ɗayar kuma a ɗora abin hari da aka gina da ɓaraka da gangan domin koyo, irin su Metasploitable ko DVWA ko Juice Shop na OWASP. Daga nan mutum ya yi ta kai hari a kan kayansa har ya gaji. A tabbata an tsara su yadda za su yi magana da junansu kawai, kada a buɗe wa abin harin hanya zuwa intanet.

Wannan tsari ya dace da yanayinmu. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 8 ta wadatar, kuma da zarar an sauke manhajojin ba a ƙara buƙatar data. Kali kaɗai takan haura gigabayit 3, saboda haka ya fi sauƙi mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi a sauke sau ɗaya daga gidan yanar sadarwar masu ita, a raba ta filash. Kada a karɓi irin waɗannan manhajoji daga rukunonin Telegram ko WhatsApp, domin sau da yawa wanda ya raba "kayan kutse" kyauta ya dasa nasa tarkon a ciki, mai neman yin kutse ya zama shi aka kutsa. Game da wuta kuwa, kowa ya san kusancinmu da madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, bai sa ta tsaya ba dare ba rana ba. A ganinmu gara kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi da batir mai rai a kan mai tsada da ke mutuwa da an ɗauke wuta.

A kan intanet ma akwai filayen atisaye da masu su suka ba kowa izini. Wasan Bandit na OverTheWire yana koyar da Linux ta matakai fiye da 30, kowane mataki sai an nemo kalmar sirrin shiga na gaba, kuma da yake rubutu ne zalla ba ya cin data. Wanda bai mallaki kwamfuta ba tukuna yana iya fara shi a wayar Android ta manhajar Termux, ko da yake latsa ƙananan haruffa na da gajiyarwa. Akwai picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda aka tsara domin 'yan makaranta, da makarantar kyauta ta kamfanin PortSwigger a kan tsaron gidajen yanar sadarwa, da TryHackMe da Hack The Box waɗanda wani sashensu kyauta ne wani kuma na biya. Izinin da waɗannan wurare suka bayar ya tsaya ne a kan na'urorin da suka ware, bai wuce nan ba.

Muna ba da shawarar ɗalibi ya riƙe littafi, na takarda ko na kwamfuta, yana rubuta abin da ya gwada da abin da ya faru da kuma dalili. Awa ɗaya kullum tare da rubutu ta fi kwana guda cur a mako ba tare da shi ba.

Makarantu da takardun shaida

A cikin jiha ana karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru. A maƙwabciyarmu Jihar Neja, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe na musamman a kan tsaron intanet. A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difiloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne tsaron intanet da kare bayanai. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 ya sa tsaron intanet cikin darussansa, gidauniyar CyberSafe kuma ta fara shirin CyberGirls a 2021 domin horar da mata matasa kyauta.

Daga cikin takardun shaida na duniya akwai Security+ ta CompTIA ga masu farawa, da CEH ta EC-Council, da OSCP wadda jarrabawarta aiki ne a aikace na kusan awa 24. Da dala ake biyan kuɗinsu, don haka ba mu ga dalilin da zai sa iyaye su sayar da gona ko jirgi a kansu a shekarar farko ba.

Rahoto, da abin yi idan an ci karo da ɓaraka

Abin da mai ba da aiki ke biya shi ne rahoto. Rahoto mai kyau yana faɗin inda ɓarakar take, yadda za a sake ganinta mataki-mataki, irin asarar da za ta iya jawowa, da yadda za a toshe ta, cikin harshen da shugaban ma'aikata zai gane. Da wannan ne ake shiga tsarin ladan gano ɓaraka, wanda kamfanin Netscape ya yi amfani da shi a 1995, har ma'aikatar tsaron Amurka ta gwada shi a 2016. Dandalin HackerOne da na Bugcrowd suna haɗa kamfanoni da masu bincike, kowane kamfani da ƙa'idojinsa a rubuce. Gasar tana da zafi, sabon shiga kan yi watanni bai samu ko kwabo ba, don haka kada a ajiye karatu ko sana'a saboda ita.

Wani lokaci mutum yana cikin hidimarsa a shafin makaranta ko na wata hukuma sai ya ga abin da bai kamata ya gani ba, kamar sunaye da lambobin wasu. A nan ya tsaya. Kada ya ci gaba da tono don ya ga iyakar ramin, kada ya kwafi bayanan, kada ya yaɗa a Facebook, kuma kada ya nemi a biya shi kafin ya faɗa, domin wannan ya zama barazana. Ya rubuta rana da lokaci da adireshin shafin, ya sanar da masu shi a rubuce cikin ladabi. Idan abin ya shafi hukumar gwamnati ko bayanan jama'a masu yawa, ana sanar da cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Gyaran dokar da aka yi a 2024 ya wajabta wa masu gudanar da tsarin kwamfuta su kai mata rahoton hari cikin awa 72 da gano shi, maimakon kwana 7 na da. Wanda kuma aka damfara ta waya ya fara kiran bankinsa a rufe asusun, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar EFCC, tare da lambar wayar da aka kira shi da ita da kuma saƙonnin cire kuɗin da banki ya turo masa.